Aiken goro da buɗe inji

Masu gareji da masu rumfar gyara a nan Maraɗi, in muka haɗu wurin suna ko zaman makoki, kukanmu ɗaya ne: yaran yanzu ba su da haƙuri. Ka sha wahala ka koya wa yaro aiki, ranar da ya ga hannunsa ya faɗa sai ya kafa rumfarsa a bakin hanya, ya janye maka rabin masu kawo gyara. Don haka, in ji abokan sana'ata, dabara ita ce ka nuna masa daidai abin da zai rage maka aiki, sauran ka bar wa cikinka. In kuma ya zo maka da wata shawara, ka nuna masa ba a yi wa babba haka. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, kuma ina so in faɗi dalilina a fili, don magana ce da ta shafi abincinmu, ta kuma shafi ɗiyan mutane da aka kawo mana amana.

Sana'ata gyaran injinan ban ruwa ce da janareto, ƴan shekarun nan kuma mun ƙara da haɗa sola. Yawancin masu kawo mana aiki manoman rani ne na fadamar Gulbi, mutanen Jiratawa da Safo da Madarunfa da Tibiri, masu tumatir da albasa da zogala. Mutumin da injinsa ya tsaya cikin watan Maris, rana na dukan ƙasa, ba shi da kwana uku na jira. Ko a gyara masa yau, ko shukarsa ta ƙone. Shi ya sa da abu biyu nake auna gareji: saurin fitar aiki, da kuma ko aikin da ya fita yana dawowa.

A inda na koyi aiki, maigidanmu gwani ne na gaske, Allah ya jiƙansa. Kunne kawai yake kasa wa inji ya gaya maka ciwonsa tun ba a kwance noti ɗaya ba. Amma yana da wata al'ada. Duk ranar da aka kawo injin gazuwal, aka kai ga saita famfon mai, sai ya laluba aljihu ya miƙo mini dala ashirin. "Kai, tahi ka sawo mini goro. Fari nika so, na wurin tsohon nan na bakin tasha." Bakin tasha kuwa da nisa. Kafin in dawo ya gama, ya rufe, ya ɗaure, yana goge hannu da tsumma. In ni aka aika jiya, yau wani ne, ko a ce mu duka mu je mu turo motar wane. Mun iya wanke kabireta, mun iya canza buji da zobe, amma wannan aikin guda, wanda shi ne mai tsoka, ba wanda ya taɓa ganin yadda ake yinsa. Da ciwo ya kwantar da shi aka ci gaba da kawo injinan gazuwal, mu kuwa muna tsaye da kile a hannu muna kallonsu. Mutane suka yi mana kara na ɗan lokaci, sannan suka koma wani wuri, har da ƙananan gyare-gyaren da muka iya suka tafi da su. Garejin da ya ciyar da gidaje da dama ya mutu tun mai shi yana da rai. Abin da ya fi ci mini rai iyalinsa ne. Da ya bar ko mutum biyu da suka iya wannan aikin, da garejin ya ci gaba da kai cefane gidansa.

Ba zaginsa nake ba. Tsoronsa yana da tushe, har masana tattalin arziki sun yi rubutu a kai. Gary Becker, ɗan Amurka da ya samu kyautar Nobel a 1992, tun a 1964 ya bayyana cewa mai ma'aikata yakan yi nauyin hannu wajen kashe kuɗi a kan ilimin da ma'aikaci zai iya ɗauka ya kai wani wuri, don shi ya yi ɗawainiya, wani ya ci moriya. Saita famfon mai irin wannan ilimin ne, duk inda mutum ya sa ƙafa da shi zai tafi. Sai dai masu wannan lissafin rabi suke yi. Suna ƙirga abin da za su rasa ran da yaro ya tafi, ba sa ƙirga abin da suke rasawa kullum da yake zaune wurinsu bai iya ba.

Garin nan namu kuwa ya daɗe da sanin maganin wannan tsoron. Alhazan Maraɗi da ake labari ba da hannunsu biyu suka tara abin da suka tara ba. Zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ke ba da kuɗin saye, daga baya kuma SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na ƙasar nan da aka kafa a 1962, ubangida yakan ba baransa kuɗi da buhuna ya tura shi kasuwannin ƙauye. A can bara ke koyon awo, da gane gyaɗa mai danshi, da sanin manomin da ke cika alkawari. Kowa kuma ya san bara yana ɗan juya nasa a gefe, ya ɗauki goro ko gishiri ya kai ƙauye ya sayar. Ubangida mai hankali ba ya hana wannan, don ta nan yake gane wanda ke da kai. In lokaci ya yi ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya tsaya masa wurin masu ba da kaya bashi. Baran jiya ya zama abokin ciniki, kuma ba ya wuce ƙofar ubangidansa bai shiga ya gaishe shi ba. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya yi nazarin alhazan nan, littafinsa ya fito a 1986, ya nuna yadda ƙarfin Alhaji ya dogara ga arzikin mutane da ya tara. Da farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, alhazai da dama suka juya akala zuwa fataucin kaya Najeriya, atamfa da taba sigari da sauransu, kuma mutanen da suka riga suka horar, suka san hanya, suka san jama'a, su suka sa juyin ya yiwu. Ban ce tsarin ba shi da zalunci a ciki ba. Akwai barorin da suka tsufa a ƙofar gida ba a sallame su ba. Amma inda aka yi shi da gaskiya, gidan bai ragu ba don bara ya tashi, faɗi ya ƙara.

Da na buɗe nawa wurin, ƙa'idar farko da na kafa ita ce ba a aiken kowa lokacin da ake buɗe inji. Sabon yaro yana farawa da wankin ƙarafa da jera su a kan buhu bi da bi yadda aka kwance su, don hannunsa ya san kowane ƙarfe tun bai san sunansa ba. Daga nan ɗaurewa, sannan kwancewa, can ƙarshe gano ciwo, wanda shi ne ainihin sana'ar.

Muna da wani babban littafi mai baƙin bango, duk ya sha baƙin mai. Kowane injin da ya ba mu wuya ana shigar da shi: daga wane gari ya zo, me ya yi, me muka zata, me muka tarar. Wani da boko yake rubutawa, wani da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya faɗa a rubuta masa. Ranar Alhamis bayan la'asar mukan ɗora shayi, a buɗe littafin, a ɗauko aikin da aka maido mana cikin mako a aza a tsakiya. Tambayar da ake yi ita ce me ya lalace kuma ta yaya. Wa ya ɓata, wannan ba a yinta a gaban jama'a. A nan gizo ke saƙa, don yaron da ya san mari ke jiransa zai ɓoye notin da ya karya, ya rufe inji a haka, sai an kai shi gona ya watse a hannun mai shi.

Daga littafin nan muka lura cewa injinan da ke zuwa daga wani yanki na fadama duk ciwonsu ɗaya ne, fankar famfo tana cinyewa tun lokacinta bai yi ba. Ƙaramin cikinmu ne, wanda gidansu can yake, ya ce rijiyoyin wurin yashi suke kawowa, manoma kuma suna zura tiyo har ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu duk wanda ya kawo inji daga can, in an gyara masa sai a ɗaura masa raga a bakin tiyo, a gaya masa ya ɗaga shi kamu ɗaya daga ƙasan rijiya. Wani abokina ya ce mun rage wa kanmu ciniki. Ni abin da na gani shi ne mutumin da ka tsare wa kuɗinsa yana kawo maka ƙauyensu gaba ɗaya.

Manyan kamfanoni ma da irin wannan suke rayuwa. A Amurka wani mai bincike, Julian Orr, ya bi masu gyaran injinan kwafin takarda na kamfanin Xerox, ya tarar in inji ya gagara, hirar da suke yi wurin cin abinci ce ke fid da su, kowa na ba da labarin injin da ya wahalar da shi. Daga baya kamfanin ya buɗe musu rumbu a kwamfuta mai suna Eureka, inda kowa ke zuba dabarar da ya gano da sunansa a kai. Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa labarin wata masana'antar motoci ce a garin Fremont na jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors ya rufe ta a 1982, bayan ta yi suna wajen fashin aiki da fid da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, yawancin waɗanda aka ɗauka kuwa daga cikin tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba su da amfani. Aka kai ɗaruruwansu Japan suka koyi aiki tare da takwarorinsu, aka rataya igiya a kan layin haɗa mota wadda kowane ma'aikaci ke da ikon ja in ya ga matsala, ko da layin zai tsaya. Ba a jima ba motocin wurin suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen dai su ne, ginin ma shi ne. An koya musu ne, aka kuma saurare su. Toyota ɗin kuwa tun 1951 take da tsarin karɓar shawarar ma'aikata. Duk lokacin da wani ya ce mini yaransa ba su da kai, wannan labarin ke faɗo mini.

Shekarar 2023 ce ta gwada mu. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki. Mu nan kowa ya san da man ƴan ruwa-ruwa yawancin injinan fadama ke tashi, wanda ke shigowa daga Najeriya, don ya fi na gidan mai araha. Dare ɗaya arahar ta tafi. Manoma suka fara cewa bana ba su san ko za su yi rani ba. In ba su yi rani ba, mu ma mun zauna ke nan.

Babban yarona, wanda kawunsa ya kawo mini tun yana ƙarami, ya same ni wata safiya ina karyawa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Maigida, akwai abin da nika so in gwada, in ka yarje mini. Tsohon injin nan na bayan rumfa, so nika in tashe shi da gas ɗin girki." Ya nuna mini a wayarsa yadda wasu ke yi, ya ce ya tambayi wani ɗan'uwansa da ke aikin lambu wajen Agadas, inda aka riga mu farawa. Na ce masa gas ba abin wasa ba ne. Ya ce ya sani, shi ya sa yake so a gwada a fili, a gabana. Na ba shi injin, na ba shi jika goma na kayan haɗi, na sa sharaɗi ɗaya: ba za a kai wa kowa ba sai mun daɗe muna tayar da shi a nan mun ga halinsa.

Na tsaya ina kallonsa. Ya ɗaura abin rage ƙarfin gas a kan tukunya mai kilo 6, ya ja tiyo zuwa bakin kabireta, ya matse kowace mahaɗa da zoben ƙarfe. Ya kaɗa garin sabulu cikin gwangwani har ya yi kumfa, ya bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da gashin kaza, ya kafa ido. A ta uku kumfa ta taso ta yi ƙwai. Ya rufe gas, ya kwance, ya yanke bakin tiyon da ya tsage, ya sake ɗaurewa, ya sake shafawa. Jan farko inji ya yi tari ya mutu. Na biyu ma haka. Ya rage gas kaɗan, ya ja, sai ya kama, da wata murya mai laushi da ba irin ta fetur ba. Sauran yaran suka sa ihu. Shi kuwa bai ko ɗago ba, tafin hannunsa na kusa da kan inji yana auna zafinsa.

Cikin makonnin gwaji mun koyi abin da ba wanda ya sani a cikinmu, har ni. Kan inji ya fi ɗaukar zafi, sai an riƙa duba tazarar bawul. Baƙin mai kuwa yana daɗewa bai yi dauɗa ba. Tukunya sai a inuwa, a tsaye, nesa da salansa. Duk muka shigar a littafi. Gas ɗin kuma muna da shi a gida, daga matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011. Amfanin wannan ya fito fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya kuma ta yanke wutar da ke ba ƙasar nan kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take sha. Har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin, kayan gyaran da muke sayowa Kano sun yi wuya sun yi tsada. A wannan ranin, maida inji kan gas da gyaran janareto da haɗa sola su suka riƙe garejin. Biyu cikin ukun nan ba ni na kawo su ba.

To nan ne nake ganin yawancinmu ke yin tuntuɓe. Yaro ya kawo dabara, dabara ta kawo kuɗi, maigida ya zuba duka a aljihu, ya ce Allah ya yi albarka, ya ƙara masa dala ɗari a kuɗin abinci. Wannan yaron ba zai sake kawo maka komai ba, kuma sauran sun gani. Dabara ta gaba a rumfarsa zai gwada ta. Ni na zaunar da shi gaban kawunsa muka ƙulla magana: duk injin da aka maida kan gas, in an fid da kuɗin kaya, kashi ɗaya cikin uku na ladan aiki nasa ne, ko shi ya yi da hannunsa ko wanda ya koya wa ne ya yi. Wannan na ƙarshen da gangan na sa shi. Shi ya sa da kansa ya riƙa jawo ƙannensa yana nuna musu, don yawan hannun da suka iya, yawan abin da ke shiga aljihunsa. Ba na son wanda na rena ya tashi da halin ɓoye sani.

Na kuma bar musu yammacin Lahadi. Kayan aiki nawa ne, rumfa tawa ce, amma aikin nasu ne, kuɗin ma nasu: mai gyaran fanka, mai haɗa fitilar caji, mai naɗa wayar jan ƙarfe. Kamfanin 3M na Amurka tun 1948 ya bar wa masu bincikensa kashi 15 cikin ɗari na lokacin aiki su bi abin da ke ransu, don haka ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Abin da nake samu a ciki shi ne yaro ya koyi magana da mai kaya, ya koyi yanka farashi, ya ɗanɗani zafin a maido masa aikin da ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya ɗanɗani wannan, ran Litinin ba sai ka tsaya a kansa ba.

Ɗiyata da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta kawo mini labarin wani bincike, ta ce, "Baba, ga maganarka an rubuta." A Lome ta ƙasar Togo aka yi shi, da hannun Bankin Duniya, aka buga sakamakon a 2017. An ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su darussan kasuwanci da aka saba, lissafi da talla da makamantansu. Kashi na biyu aka koya musu yunƙurin kai: ka fara abu ba sai an ce ka fara ba, ka hango matsala tun ba ta iso ba, in ka ci karo da cikas ka nemi wata hanya. Na uku ba a koya musu komai ba. Bayan shekara biyu ana bibiyarsu, ribar masu yunƙurin kai ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta masu darussan da aka saba kuwa kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Gaskiya ne, masu sana'ar aka koyar a can, ba yaransu ba. Amma abin da na tsinta a ciki shi ne wannan halin ana iya dasa shi a mutum. Abin da ake iya dasawa kuwa ana iya tumɓuke shi, kuma tsawa da "wa ya tambaye ka" sun isa su yi wannan aikin.

Sola kuma wani yaro ne da ya fito Lise Teknik Ɗan Kasawa ya shigo mana da ita. Da ya zo neman wurin gwajin aiki manyan yarana suka raina shi, don ko igiyar inji bai iya ja ba sai ya yi gumi. Shi ma yana musu kallon waɗanda ba su yi boko ba. Amma ya san lissafin da ba mu sani ba: faranti nawa famfo kaza ke bukata, kaurin wayar da za ta kai wuta nisa kaza ba ta yi zafi ba, dalilin da ya sa batir mai ruwa ke mutuwa da wuri in kullum ana zuƙe fiye da rabinsa. Shi ya nuna mana cewa a nan Maraɗi faranti kudu yake fuskanta, a ɗan kishingiɗe, kuma ƙurar hunturu kaɗai tana cinye wuta mai yawa in ba a gogewa. Na haɗa shi da babban yarona, na ce kowa ya biya ɗan'uwansa da abin da ya iya. Yau ɗan makarantar da kunne yake gane bawul, wancan kuma ba ya taɓa waya sai ya sa mata mitar awo.

Akwai asusun FAFPA da gwamnati ta kafa don tallafa wa koyon sana'a, akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a na CFM. Roƙona gare su shi ne su riƙa sa mu cikin lissafi, don matasan garin nan da yawa a rumfuna irin tamu suke koyon abin da za su ci abinci da shi. In aka horar da yaro aka ba shi takarda, sannan ya koma hannun maigidan da ba ya barin a buɗe baki, horon nan a ƙofar rumfa zai tsaya. Mu masu gidan ma muna bukatar a zaunar da mu a nuna mana yadda ake koyarwa, don iya aiki daban, iya koyar da shi daban.

Ba zan ce ba a asara ba. Koyo yana cin kaya. An taɓa ƙona na'urar sarrafa famfon sola mai tsada saboda an juya waya, na biya mai ita daga aljihuna. Akwai kuma wanda na koya wa komai, ya tashi ba sallama, ya bi manoman da ya sani ta wurina yana ce musu zai yi musu a rabin kuɗi. Ya yi mini zafi, har yau in na tuna. Ku ma yara masu karanta wannan, amana tana kanku kamar yadda take kanmu: wanda ya buɗe maka cikinsa, ka fita ta ƙofa da rana. Amma in na haɗa duk asarar nan, ba ta kama ƙafar abin da na samu ba. Aikin da ake maido mana ya ragu ƙwarai. Injin da a da yake kwana yana jiran hannuna yanzu yakan fita ran da ya shigo, don ba ni kaɗai ke gano ciwo ba. Ina iya tafiya Kano sayen kaya, ko zazzaɓi ya kwantar da ni, gareji na buɗe aiki na tafiya. Waɗanda kuma suka tafi da sallama, na ba su kayan aiki na sa musu albarka, wurina suke sayen kayan gyara, aikin da ya fi ƙarfinsu kuma nan suke turo shi.

Yanzu maganar da ke gabanmu ta babban yarona ce. Ya yi aure, ya isa ya riƙe kansa, kuma ya fi ni sanin manoman Jiratawa. Shawarar da ya kawo ita ce ya buɗe reshe can kusa da gonaki, don manomi ya daina ɗoro inji a amalanke har cikin gari. Ni zan sa kayan aiki da kayan gyara na farko, shi ya sa hannu da lokaci, riba a raba biyu har ya maida mini jarina, daga nan rumfa ta zama tasa. Ya roƙi in ba shi ƙaramin nan masanin rijiyoyi, na ce sai an tambayi mahaifinsa. Abin da ba mu daddale ba shi ne kashinsa na aikin gas da za a ci gaba da yi a nan bayan ya tashi. Shi yana ganin ya bar wa ƙannensa, ni ina ganin haƙƙinsa ne ya ci gaba da karɓa ko da na shekara ɗaya. Mun aje maganar sai bayan girbin hatsi, a gaban kawunsa, kafin a fara dashen albasa.